Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin MOPPAN Da Furodusoshin Kannywood

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne a matsayin wanda ya ci abinci da sana'arku shekaru masu yawa, duk da cewa bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Na fara da sayar da kaset a wani ɗan shago da ke kusa da Ƙofar Wambai a Kano, na bi kasuwa zuwa zamanin faifan CD da DVD, har ranar da na tattara ragowar faifan da suka yi mini kwantai na zuba a buhu, na koma sayar da caja da gidan waya. Da yawa daga cikinku sun zauna a kan bencin shagona, wasu mun rabu lafiya, wasu kuma har yanzu suna ganin ina riƙe da cikon kuɗinsu. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da nake gani kullum a hannun masu zuwa sayen caja: kusan kowa yana kallon fim ɗin Hausa a wayarsa, masu kallo sun ninka na zamaninmu sau da yawa, amma kasuwar da ke bayan wannan kallo ba a hannunku take ba, kuma ban ga alamar ƙungiyarku ta masu sana'ar fim, wato MOPPAN, ta ɗauki wannan a matsayin babbar damuwarta ba.

Ku ba ni dama in tuna muku yadda muke yi a da, domin matasan da suka shigo masana'antar bayan mutuwar kaset ba su san shi ba. Tun daga fitowar Turmin Danya a 1990, zuwa shekarar 1999 da sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa, aka kuma fara buga mujallar Fim, cinikin ya tsaya ne a kan kwali. Furodusa zai gama fim ɗinsa, ya je maɗaba'a ya buga kwalin da za a saka kaset a ciki, sannan ya kawo mana. Mu 'yan kasuwa mu sayi kwalin, mu sayi kaset wanda ba komai a kansa, mu kwafa, mu sayar wa masu sari da ke zuwa daga Kaduna da Sakkwato da Jos, da waɗanda ke haye iyaka da kaya zuwa Maraɗi da Damagaram da Garwa da Injamena, har zuwa zangon Kumasi. Ba zan yi wa wannan tsari kwalliya ba. Mun riƙa jan ƙafa wajen biya, akwai waɗanda suka riƙa kwafa fiye da adadin kwalin da suka saya, kuma furodusoshi da dama sun karye a hannun dillalai. Sai dai tsarin yana da abu guda mai daraja, wato lissafi. Furodusa ya san kwali nawa ya buga, ya san nawa suka fita, ya san wanda zai je ya tsare a shago idan kuɗinsa bai fito ba. Dillalin da ya ga fim ɗin wani yana tafiya yakan ba shi kafin alƙalami ya fara na gaba. Kuɗin yana zagayawa tsakanin Bata da Ƙofar Wambai da maɗaba'u da masu hayar kyamara, duk a cikin gari ɗaya.

Yadda wannan kasuwa ta mutu kun fi ni sani. Faifai ya sauƙaƙa wa ɓarayin zaune aiki, sannan waya mai memori ta zo, masu turi suka cika bakin titi suna tura fina-finai da yawa a kan kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba, fassarar fina-finan Indiya kuma ta kwashe wani kaso na masu kallo. An gwada komawa silima a rukunin shagunan Ado Bayero, amma ɗakin kallo ɗaya ko biyu ba zai ɗauki masana'antar da ke fitar da fina-finai kowane mako ba. Alƙaryar fim da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Kofa cikin ƙaramar hukumar Bebeji a 2016 kuwa ta tsaya tun kafin a aza tubali. Abin da ya ceci sana'ar shi ne shiri mai dogon zango. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta nuna cewa Bahaushe zai jira mako guda don ya ga ci gaban labari, sannan zaman kullen korona na 2020 ya tura furodusoshi da masu kallo gaba ɗaya zuwa YouTube. Yau kusan kowane mai shirya fim yana da tasharsa, kuma ranar fitowar sabon kashi ta maye gurbin ranar sakin kaset.

A nan nake so mu tsaya mu duba da kyau, domin na lura ana yawan murna da adadin kallo, ana sanar da miliyan ɗaya ko biyu kamar an sayar da kwali miliyan ɗaya ko biyu. Ba haka lissafin yake ba. YouTube ba ya biyan kuɗin kallo, kuɗin talla yake rabawa, inda mai tasha ke karɓar kashi 55 cikin ɗari na abin da tallar da aka saka a dogon bidiyonsa ta kawo, kamfanin ya riƙe sauran. Farashin tallar kuma ya danganta ne da inda mai kallo yake zaune da kuma irin kuɗin da kamfanoni ke son kashewa don su kai gare shi. Mutum ɗaya da ya kalli shirinku daga Landan ko Jidda yana iya kawo abin da mutane da yawa a Gwarzo ko Tasawa ba su kawo ba, alhali mafi yawan masoyanku a irin su Gwarzo da Tasawa suke. Furodusa bai san farashin da za a yi masa ba sai bayan an kalla, ba shi da wanda zai yi tayi da shi, kuma idan kamfanin ya sauya ƙa'ida gobe, babu shagon da zai je ya tsare kowa. Tashar da ta samu gargaɗin haƙƙin mallaka sau uku ana iya rufe ta, aikin shekaru ya tafi cikin dare ɗaya. Wanda duk ya gina gida a filin aro ya san da wace zuciya yake kwana.

Wani abu kuma ya rufe wa mutane ido. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dalar da ke shigowa daga YouTube ta riƙa zama naira mai yawa idan an canza, har wasu suka ɗauka kasuwa ce ta buɗe. Amma a daidai wannan lokacin aka cire tallafin man fetur, kuɗin janareta a lokeshan da na motar ɗaukar ma'aikata da na abinci suka tashi, kyamara da fitilu da kwamfutar tace hoto kuwa dama da dala ake sayen su. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, wanda ke nufin mai kallo yana biyan kuɗin data fiye da da don ya ga shirinku. Ina roƙon ku lura da wannan da kyau: Bahaushe yana biyan kuɗi don ya kalli fim ɗin Hausa, sai dai kamfanin waya yake biya. Wanda bai iya sayen data ba kuma yana zuwa wurin mai turi, ya biya shi. Kowa a kan hanyar yana karɓar kuɗi a hannu, in ban da wanda ya shirya fim ɗin, shi ne ke jiran ragowar talla.

Na san akwai masu jiran ranar da manyan kamfanonin waje za su zo da jakar kuɗi su sayi fina-finan Hausa. Abin da ya faru da 'yan uwanmu na Legas ya isa ya rage wannan buri. A watan Janairun 2024 kamfanin Amazon ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin fina-finai a Afirka, bayan ya shigo da ƙarfinsa. A ƙarshen shekarar 2024 furodusoshin Kudu suka fito suna kukan cewa Netflix ya rage ba da kwangila, duk da cewa kamfanin ya ce bai fice daga Najeriya ba. MultiChoice, mai tashar Africa Magic Hausa, ya koma hannun kamfanin Canal+ na Faransa a 2025, wato shawarar abin da za a saya da farashin da za a saya ta ƙara nisa da Kano. Idan waɗanda ke yin fim da Turanci, suke kuma zaune kusa da ofisoshin waɗannan kamfanoni, sun ga haka, ban ga dalilin da zai sa mai fim da Hausa ya jingina jarinsa da su ba. Ba ingancin aiki ne ya hana ba, tunda fim ɗin Hausa, Mai Martaba, shi Najeriya ta zaɓa a 2024 ya wakilce ta a neman kyautar Oscar. Abin da 'yan Kudu suka fi mu shi ne alƙaluma. Lokacin da fim ɗin Funke Akindele ya haura naira biliyan ɗaya a gidajen silima a farkon 2024, kowa ya san adadin, domin ƙungiyar masu gidajen silima tana fitar da cinikin kowane mako. Mai banki ko mai zuba jari yana iya duba wannan takarda ya yanke shawara. A Kannywood wace takarda za a nuna masa?

An yi ƙoƙarin gina kasuwa ta gida, kuma ya kamata a yaba wa waɗanda suka kafa manhajoji irin su Northflix da Kallo. Amma shago ba ya cika da kayan mutum ɗaya. Muddin kowane furodusa yana riƙe da shirinsa mafi farin jini a tasharsa ta YouTube kyauta, babu abin da zai sa mai kallo ya biya kuɗin wata a wata manhaja, musamman idan ya san bayan kwana biyu za a watsa abin a Telegram. Ga kuma matsalar biya daga ƙetare, domin mai kallo a Yamai ko Marwa da sefa yake riƙe, kuma sau da yawa ba shi da katin banki. Waɗannan matsaloli ne da mutum ɗaya ba zai iya warwarewa ba, amma ƙungiyar da ke magana da sunan ɗaruruwan masu fim tana iya zama da kamfanin waya ta nemi a riƙa cire kuɗin kallo daga katin waya, a raba bisa yarjejeniya.

Kafin a kai can, akwai aikin da ya fi kowane sauƙi, ya kuma fi kowane muhimmanci, shi ne sanin wa ya mallaki me. Har yau yawancin cinikin fim a wurinmu da baki ake yin sa, bisa amana da kunya. Na san wani furodusa, abokin hulɗata tun zamanin kaset, wanda ya tarar da tsohon fim ɗinsa a tashoshi uku daban-daban. Ɗaya ya ce dillalin da ya sayi kwali a wancan lokaci ne ya sayar masa, na biyu ya ce darakta ne ya ba shi, na ukun bai ma amsa waya ba. Da abokin nawa ya ɗora fim ɗin a tasa tashar, shi aka aika wa gargaɗi, saboda wani ya riga shi yin iƙirarin mallaka. Ba shi da takarda ko ɗaya da zai nuna, sai rasiɗin maɗaba'a da ya kode. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi cewa miƙa haƙƙin mallaka ba ya inganta sai a rubuce, ta kuma ba mai haƙƙi damar neman a sauke aikinsa da aka ɗora a intanet ba da izininsa ba. Dokar tana nan, amma ba ta amfanar wanda ba shi da hujja.

Saboda haka nake roƙon MOPPAN ta buɗe kundi guda na fina-finan Hausa, tsofaffi da sababbi, a rubuta sunan kowane fim, shekarar fitowarsa, wanda ya zuba kuɗi, wanda ya rubuta labari, wanda ya yi waƙa da kiɗa, da duk wanda aka taɓa sayar wa wani haƙƙi da iyakar abin da aka sayar masa. Za a yi rigima, ban musanta ba, domin akwai fina-finan da mutum uku za su tashi kowa ya ce nasa ne, akwai kuma waɗanda masu su suka rasu sai magada. Gara a yi rigimar yanzu, yayin da shaidu ke raye, dillalan da suka sayi kwali da daraktocin da suka yi aikin suna iya zama a ɗaki ɗaya a tambaye su. Idan kundin ya tsaya, ƙungiya tana iya neman shiga tsarin YouTube na gane bidiyon da aka kwafa, wanda kamfanin ke ba masu tarin ayyuka da hujjar mallaka, ta yadda kuɗin tallar da ɓarayi ke ci a kan tsofaffin fina-finai zai koma ga masu su. Tana kuma iya tura mambobinta su yi rajista da AVRS, ƙungiyar da hukumar haƙƙin mallaka ta ba lasisin karɓar kuɗi daga otal-otal da sauran wuraren da ke nuna fina-finai ga jama'a. A nan zan ɗan kauce in ce a duba halin da kaset-kaset na asali suke ciki. Kaset yana ruɓewa a ɗakin ajiya, zafin Kano ba ya raga masa. Fim ɗin Shaihu Umar na 1976 sai da aka tono shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, aka gyara shi da taimakon Jamusawa, sannan aka nuna shi a Berlin a 2018. Yanzu da ɗanku Ali Nuhu yake shugabantar wannan hukuma tun Janairun 2024, ban ga lokacin da ya fi wannan dacewa a nemi ta taimaka a kwafe tsofaffin fina-finanku zuwa kwamfuta ba.

Sai maganar talla, wadda a ganina nan ne kuɗi na gaskiya yake kwance. Kowane shiri mai dogon zango yanzu yana ɗauke da tallar da furodusa ya nemo da kansa: mai shadda da atamfa a Kantin Kwari, mai sayar da filaye, mai maganin gargajiya, mai kayan ɗaki. Wannan kuɗi ne da ke shiga hannu kai tsaye ba tare da an raba da kowa ba, kuma shi ke riƙe da shirye-shirye da dama. Amma kowa shi kaɗai yake zuwa nema, wani ya karya farashin wani, har tallar ta yi yawa a wasu shirye-shiryen ta fara korar mai kallo. Manyan kamfanonin abinci da sabulu da waya da bankuna, waɗanda ke son kaiwa ga matan aure da matasan Arewa, ba sa sayen talla da labarin baki. Suna so a nuna musu mutum nawa ke kallo, daga wane gari, masu wane shekaru, kuma minti nawa suke tsayawa. Duk waɗannan bayanai suna nan a shafin kowane mai tasha, kowa ya ɓoye nasa don kada a san cinikinsa. Da tashoshi ashirin ko talatin za su yarda su miƙa alƙalumansu ga amintaccen akanta guda, ya haɗa ya fitar da jimilla duk wata, da an samu abin da za a ɗora a kan tebur a Legas a yi ciniki da murya ɗaya.

Game da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba na cikin masu cewa a bar kowa ya yi abin da ya ga dama, domin 'ya'yanmu ne ke kallo. Sai dai lokacin da hukumar ta dakatar da shirye-shirye 22 a watan Mayun 2025 bisa rashin kai su tacewa kafin fitarwa, abin da ya bayyana shi ne an gina ƙa'idar ne a kan fim guda da ake kai wa sau ɗaya, alhali yanzu sana'ar ta koma kashi-kashi kowane mako, wasu ma ana kammala haɗa hoton kashin ne ana gobe zai fita. Shirin da ya tsaya mako biyu yana asarar masu talla da ya riga ya karɓi kuɗinsu. Aikin ƙungiya ne ta zauna da hukumar a rubuta tsari sananne: kwana nawa tacewa za ta ɗauka, nawa ne kuɗin zango guda, da kuma abin da zai faru idan jinkirin daga ɓangaren hukuma ne. Furodusa kuma ya daina fara haska zango alhali kashi biyu kawai ke hannunsa.

Ba zan rufe ba sai na ambaci waɗanda ke ɗauke da nauyin aikin. Duk mun ji hayaniyar da ta tashi a 2022 lokacin da wata dattijuwar 'yar wasa ta faɗa a hirarta da BBC Hausa irin ɗan abin da ake sallamarta da shi, kuma duk mun saba ganin ana neman taimako a Facebook idan tsohon jarumi ya kwanta jinya. A zamanin kaset ana iya cewa fim yana cin kasuwarsa cikin 'yan makonni ya wuce, don haka sallama sau ɗaya ta wadatar. Yanzu kashin da aka ɗora shekara huɗu da suka wuce yana ci gaba da kawo kuɗi duk wata, marubucin da ya ƙirƙiri labarin da mawaƙin da muryarsa ta ja mutane ba su da ko kwabo a ciki. Takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya, da Hausa, wadda ƙungiya za ta tsara ta wajabta wa mambobinta, tana iya fayyace ko sallama ce ta gaba ɗaya ko akwai kaso, kowa ya sa hannu yana sane.

Ina fatan za ku saka maganar kundin nan a ajandar zamanku na gaba. A nawa ɓangaren, har yanzu ina ajiye da littattafan shagona guda huɗu, waɗanda na rubuta sunan kowane fim da na saya, da sunan wanda ya kawo kwalin, da ranar da ya kawo. Na san wasu tsofaffin abokan sana'ata ma suna da irin su. Duk ranar da kuka naɗa wanda zai fara aikin, zan kawo su ofis da kaina.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon ɗan kasuwar fina-finai,
Kano.